Kakakin majalisa ko sifika? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam, me ya sa ake ce wa majalisar wakilai ƙaramar majalisa alhali ita ta fi cika?

Amsa: To ai ni ma wannan lafazin ba ya min daɗi, fassara ce aka kwaso kai tsaye ba a tsaya an auna ba. A Najeriya wakilai 360 ne, dattawa 109, a Amurka 435 da 100, ina ƙanƙanta a nan? Kujerun wakilai bisa yawan jama'a ake raba su, shi ya sa Kano take da 24 Bayelsa kuwa 5, su dattawa kowace jiha uku ne ko da mutanenta ba su cika kasuwa ba, sai Abuja ɗaya. A Ingila ma wadda ake kira ƙaramar ita ke fitar da firaminista, kuma tun 1911 ta saman ba ta iya hana dokar kuɗi wucewa, sai dai ta jinkirta ta wata guda. Ku ce majalisar wakilai kawai ku huta.

Tambaya: Majalisa Hausa ce?

Amsa: Aro ce daga Larabci, majlis, wato wurin zama. Wakili ma haka.

Tambaya: Wanne ya fi, kakakin majalisa ko sifika?

Amsa: Yauwa, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Wanda ya fara cewa kakaki Allah ya yi masa albarka, don ya san harshensa, kakaki dai kun san shi, dogon ƙarfen nan da ba a busa wa kowa sai sarki, idan ya yi ƙara wanda ke bayan gari ma ya san an fito, daga nan aka aro shi ga duk mai magana da yawun wasu, kakakin rundunar soja, kakakin jam'iyya. Abin da ke ba ni dariya shi ne asalin muƙamin a Ingila, tun wajen 1377, mutum ne da majalisa ke turawa ya kai wa sarki maganarta, ka ga an juya bakin kakakin ke nan, maimakon ya busa wa sarki sai ya busa masa koken jama'a a kunne. Yau kuma a zauren majalisarmu shi ne ya fi kowa ƙarancin muhawara, aikinsa ya ba da dama, ya tsawatar, ya buga guduma. Amma sai ka ji matashi ya yi digiri yana ta sifika sifika, wai kakaki ƙauyanci ne. Haba.

Tambaya: Bambancin ƙuduri da doka?

Amsa: Ƙuduri bai zama doka ba sai majalisun biyu sun amince shugaban ƙasa ya sa hannu, in ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku na kowace majalisa su tsallake shi. 'Yan jarida masu cewa "wakilai sun kafa doka" tun a karatu na biyu, wato kafin ƙudurin ma ya gama wucewa a zaurensu, ku ji tsoron Allah.

Tambaya: Karin maganar nan, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ita ce dalilin majalisar dattawa?

Amsa: 'Yar'uwa, ɗan shekara 35 yana iya zama sanata, wakili kuwa 25 tun gyaran kundin tsarin mulki na 2018. Shekara goma ce tsakani, rimin bai yi tsawo ba. Dattaku dai hali ne, furfura daban.