Ina Son In Gano Salsalar Gidanmu a Ƙauye, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Kaduna aka haife ni, nan mahaifina ya girma, kuma Allah ya yi masa rasuwa. Abin da na sani kawai shi ne kakana ya taso daga wani ƙaramin gari a ƙasar Kano tun yana saurayi, sai kuma laƙabin da ake kiransa da shi. Ina son in rubuta salsalar gidanmu saboda 'ya'yana. An ce in je gidan adana takardun tarihi da ke nan Kaduna. Shin zan sami sunayen kakannina a can?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. In dai gidanku ba na sarauta ba ne, ko alƙalanci, ko limanci, kada ka fara da Kaduna. Takardun zamanin Turawa haraji da sarauta suka bi. Za ka ga sunan dagaci da na ubansa, amma manomi da maƙeri da majemi a lissafi kawai suka shiga: maza kaza, mata kaza, awaki kaza. Sunayen da kake nema suna bakin tsofaffin garinku, kuma takarda tana iya jiranka shekara goma, su ba za su jira ba.

Cikin tsofaffin ma, mata za ka fi nema: gwaggon mahaifinka in tana raye, matan da aka auro gidan tun suna 'yan mata, tsohuwar ungozoma. Maza sukan riƙe jerin uba da kaka, su tsallake duk wanda bai yi suna ba. Mata kuwa su ke zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa, don haka su suka san wace ce uwar wane, wa aka ba riƙo, wane ne agola da ya tashi a gidan har aka manta ba ɗan gida ba ne. Matsalarsu ɗaya ce, alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari, ko da sun shekara arba'in a ƙasa. Kada ka matsa mata. Ka tafi da wata jikarta mai wasa da ita, jikar ta riƙa ambaton sunayen, ita kuma ta ce "shi ne" ko "ba shi ba". Ko ka tambayi kishiyarta sunan ɗan farin, ita ba ta jin nauyinsa.

Kafin ka shiga kowane gida ka gai da dagaci ko mai unguwa, da ɗan goronka, tare da wanda aka sani a garin. Ka faɗa a sarari cewa ba gona ka zo nema ba, ba kuma tayar da rabon gado ba. Ɗan birni da ya ɓullo bayan shekara saba'in yana tambayar wa ya haifi wa, abin da za a fara zato ke nan, kuma da zarar an yi zaton kowa zai ce ya manta. Ka je bayan kaka, an gama kai amfani gida, ba ranar kasuwa ba. Kowane tsoho ka zauna da shi shi kaɗai, kada zaman ya wuce awa guda, ka nemi izini ka naɗa a waya. In ka tara su a zaure ɗaya, mafi girma ne zai yi magana, sauran su yi ta cewa "haka ne".

Kada ka tambaya "mene ne asalinmu?" Amsarta a shirye take: daga Barno muka zo, ko daga Malle, ko daga gabas. Tambayi ƙananan abubuwa. A wane gida aka yi sunan kakana? Su nawa ne a ɗakinsu? Wannan da ake ce wa wansa, ciki ɗaya suke, ko 'yan uba ne, ko 'ya'yan wa da ƙane? Wa ya karɓi gonarsa da ya tafi? Gonar wa ke gabas da ita? Tambayar gona tana da amfani ƙwarai, domin gonakin da ke jere da juna, masu su kuma suna kiran juna 'yan'uwa, galibi gandu ɗaya ne aka yanyanka, kuma mai gandun shi ne kakan da ya haɗa su.

Suna shi ne inda yawancin masu wannan aiki ke ruɗewa. Mutum ɗaya yana iya fito maka da suna uku: Abubakar a wajen liman, Garba a wajen abokai, Tanko a wajen mata saboda ya biyo 'yan mata. In ba ka lura ba sai ka rubuta shi mutum uku. Haka Shehu da Usman, Sanda da Umaru, Iro da Ibrahim. Akasin haka ma yana faruwa: jika ya ci sunan kaka, sai a haɗe su a mai da su mutum ɗaya. Amma wannan al'adar tana taimako, don duk wanda ake ce wa Abba ko Baba ko Babangida, sunan yankansa na wani kaka ne a sama. Laƙabin kakanka ma kada ka raina shi: Gambo ya biyo tagwaye, sai ka nemi Hassan da Husaini a gabansa, Sallau da Azumi sun gaya maka lokacin haihuwa. Ka ware wa kowane mutum shafi guda, ka sa sunan yanka, laƙabi, uba, uwa, sana'a, unguwa, da wanda ya ba ka labarin.

Shekara ba wanda zai ba ka, sai ka ƙirga da sarakuna da aukuwa. A Kano, basasa tsakanin Tukur da Yusufawa ta tashi a 1893. Turawa suka ci garin a 1903, Alu ya sauka, Abbas ya hau har 1919. Usman ya yi zuwa 1926. Abdullahi Bayero har 1953. Ado Bayero ya hau a 1963. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce, annobar mura ta marisuwa 1918, yunwar 'Yar Buhu 1927, 'Yar Gusau wajen 1942, Muda wajen 1954, sai canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Sunan yunwa yakan bambanta daga yanki zuwa yanki, saboda haka ka tambaya wane sarki ke kai lokacin. Sannan ka auna da aikin yaro: in aka ce ana 'Yar Buhu kakanka ya isa kiwon awaki amma ba a ba shi gayauna ba, yana tsakanin shekara 7 da 12, haihuwarsa ke nan tsakanin 1915 da 1920.

Da wannan ƙirgar za ka kama jerin da ya yi tsalle. Tsakanin uba da ɗa ka sa shekara 30 zuwa 35. Wanda aka haifa a 1985, ubansa wajen 1950 ne, kakansa 1915, sai 1880, sai 1845, sai 1810. Ke nan wanda aka ce ya zo garin da girmansa a zamanin jihadin 1804 ya kamata ya zama uba na shida a sama. In aka ba ka shi a na huɗu, an zubar da sunaye biyu a tsakiya, sai fa in akwai 'yan auta da aka haifa uba yana da shekara sittin ko fiye, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ka bincika wannan kafin ka yanke hukunci.

Akwai shaidun da ba a baki suke ba. Tsagar gado a fuskar tsofaffin gidan, ka kai hotonta wajen tsohon wanzamin garin, ya san askar kowane gida, ya san ta Gobirawa daga ta Barebari. Wasan barkwanci ma shaida ne: gidan da ke tsokanar Barebari yana da jinin Fulani, masu wasa da Yarbawa Gobirawa ne. Maroƙin gidan ya haddace jerin iyaye a kirari, ka naɗa, amma ka tuna kyauta yake nema, kuma ba ya ambaton wanda zai rage masa ita. In an ce garin ya taɓa tashi, ka sa a kai ka kufai, ka ga rijiya da kukoki da ramukan marina.

Yanzu takarda. Ka fara da ta cikin gari. Malamai sukan rubuta haihuwa da mutuwa a bangon Alƙur'ani ko a takardar da ke cikin gafaka, da shekarar Hijira. Ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1350 ta ba ka 1931. In da haruffa aka rubuta shekarar, wato ramzi, lissafin Magariba ne, inda shinun ke dubu, sinun ke 300. Ka kai wa malamin zaure, kada ka dogara da abin da ka gani a intanet, wanda galibi na Gabas ne. Takardar da ta fi kowace daraja ita ce ta rabon gado a kotun alƙali, domin dole ta jera matan mamaci da 'ya'yansa duka, maza da mata. Ka tambaya a kotun tsohuwar gundumarku, ko da yake gara da ɗigon ruwa sun ci da yawa, kuma yawancin gadon ƙauye a zaure aka raba shi. Rajistar makarantar firamare tana da amfani, amma shekarun ciki kintace ne, yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne a ce ya isa, kuma sau da yawa sunan gari ko na mariƙi aka sa a madadin na uba. Rasit na haraji ma yakan ɓoye a tsohuwar adaka. A jihar Kano an biya shi har 1979.

Sai bayan wannan ka je gidan adana takardun na Kaduna. Ka nemi jerin KANOPROF (takardun lardin Kano) da SNP (na sakatariyar lardunan Arewa), musamman rahotannin kimanta haraji da littattafan gunduma. Da sunan tsohuwar gundumar hakimi za ka nema, ba ƙaramar hukuma ba, wadda tsarinta na 1976 ne, kuma ka gwada rubutun sunan garin iri-iri, don Turawa yadda kunnensu ya ji suke rubutawa. Abin da za ka samu shi ne wanda ya sari garin, jerin dagatai, ƙabilun da ke ciki da sana'o'insu, wanda zai gaskata ko ya ƙaryata abin da ka ji. Ka leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da kundayen ɗaliban tarihi a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. Ɗalibai da yawa sun rubuta tarihin garuruwansu, a ƙarshen kundin kuma akwai sunayen tsofaffin da suka yi hira da su shekaru da dama baya.

Abu ɗaya ka shirya masa. Wani lokaci jerin yakan tsaya cak a kan mutumin da ba wanda ya san ubansa, tsofaffi su fara sauya magana. Yana yiwuwa baƙo ne da yunwa ta koro, ko Bamaguje da ya musulunta ya sake suna, ko kuma bauta ce ta kawo shi. A da ƙasar Kano tana da rinjoji da yawa, wato ƙauyukan bayi, dokar Turawa ta 'yanta waɗanda aka haifa daga Afrilun 1901 ne kawai, ba a soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936. Gorin asali har yau yana ɓata aure, don haka abin da ka ji game da gidan wani kada ya shiga takardarka, na gidanku kuma ka shawarci baffanninka kafin ka tura wa dandalin zumunci na WhatsApp. A rubutun, abin da takarda ta tabbatar ko mutum biyu da ba su zauna tare ba suka faɗa, ka sa shi kai tsaye. Abin da bakin mutum ɗaya ne, ka sa "in ji wance" da ranar da ta faɗa. Labarin Barno ko Malle ka ba shi shafinsa daban, kada ka ɗaura shi a saman jerin sunaye.