Amsa ga Hajiya: Su Wa Shanyewar Ɓarin Jiki Ta Fi Kamawa, Su Wa Ta Fi Kashewa

Assalamu alaikum, Hajiya. Allah Ya jiƙan kawu, Ya ba ku haƙurin rashi. Kin tambayi yadda aka yi kawunki, direban tirela mai shekara 46, ya faɗi a Ngaundare ya cika kafin kwana uku, alhali an saba cewa shanyewar ɓarin jiki ciwon tsofaffi ne da masu hannu da shuni, kuma kin nemi a fayyace ko gaskiya ne ta fi kama baƙar fata, ta kuma fi kama maza. Na yi aikin jinya a Garwa ta ƙasar Kamaru da ƙauyukan kewayenta har na ajiye aiki, saboda haka zan haɗa miki abin da na gani da abin da bincike ya tabbatar.

Ciwon nan, wanda likitocinmu suke rubutawa AVC a takarda, shi ne ya zo na biyu wajen kashe mutane a duniya bayan ciwon jijiyoyin zuciya, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019. A shekarar ya kama mutum kimanin miliyan 12, ya kashe kimanin miliyan 6 da rabi, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka mutu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa ciwon masu kuɗi ne. Tsufa dai yana ƙara haɗarin ƙwarai, wannan ba a musu a kansa, amma shekarun da ciwon yake fara kama mutane sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a nan amsar tambayarki take.

Akwai babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, mai suna SIREN, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, aka buga sakamakonsa a 2018. An duba marasa lafiya 2,118, aka tarar matsakaicin shekarunsu 59 ne, kuma kusan ɗaya cikin huɗu bai kai shekara 50 ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin ciwon. Shanyewar iri biyu ce: ko jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe, ko ta fashe jini ya zuba a ciki. A Turai da Amurka toshewa ce ta yi rinjaye nesa ba kusa ba, fashewa kaɗan ce. A wancan bincike kuwa fashewa ta kai kusan ɗaya cikin uku, a cikin waɗanda ba su kai 50 ba ma ta ɗan haura rabi. Fashewar ita ta fi saurin kisa, domin kusan mutum huɗu cikin goma da ta same su ba sa wuce wata guda, kuma babban abin da ke kawo ta shi ne hawan jini da ya daɗe yana cin bangon ƙananan jijiyoyi ba a sani ba. Mutanen Kano da Zariya kuwa abincinsu da rayuwarsu ba su da nisa da namu, shi ya sa nake ganin sakamakon ya shafe mu kai tsaye.

Irin kawunki na gani da yawa: direbobin hanyar Ngaundare zuwa Kusiri, mahauta, 'yan tireda, magidanta masu ƙarfi a jika da ba su taɓa kwanciya asibiti ba. Wani ɗan kasuwa da aka kawo mana baki a karkace, hannun dama yana reto, da na buɗe littafin asibitinsa sai na ga an rubuta awon jininsa 19/11 tun shekarar da ta gabata, lokacin da ya zo da zazzaɓi, ga takardar magani a ninke a tsakiya. Ƙanensa ya ce ya sha na wata ɗaya, ciwon kai ya tafi, sai ya ga ba dalilin ci gaba da ɓarnar kuɗi. Iyakar da ake so ita ce ƙasa da 14/9, wato 140/90 a yadda ake rubutawa a Najeriya. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, yawancin masu shi ba sa jin komai, kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. A ganina wannan ne ainihin abin da ke raba jama'a gida biyu a kan ciwon nan: waɗanda aka auna jininsu suka dage da shan magani, da waɗanda ba a auna ba ko suka yanke a hanya.

Batun baƙar fata yana da tushe. A Amurka, haɗarin kamuwa karo na farko ga baƙaƙe ya kusa ninka na fararen fata, kuma sun fi mutuwa da shi. Masu bincike sun jingina kaso mai yawa na bambancin ga hawan jini da ke farawa da wuri, da ciwon sukari, da talauci da ƙarancin samun likita. Gado yana da nasa rabo, amma bai kamata a ɗauke shi hukuncin da ba ya ɗaguwa ba, tunda hawan jinin baƙar fata ma yana sauka da magani da rage gishiri. Gram 5 a yini aka ƙayyade, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma a ciki ake lissafa dunƙulen miya da gishirin kilishi da tsire.

Game da maza da mata, a tsakiyar shekaru maza sun fi kamuwa, amma mata sun fi tsawon rai, don haka a cikin tsofaffi suna da yawa, kuma sau da yawa sun fi jigata bayan ciwon. Sannan mata suna da lokacin haɗari nasu na daban, wato ƙarshen goyon ciki da makonnin jego. Mai ciki da fuskarta da hannuwanta suka kumbura, kanta yana sarawa, idonta yana ganin dishi-dishi, awo take buƙata a ranar, ba jiƙo ba. Kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego kuma ina roƙon iyayenmu mata su yi hattara da shi, domin kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri mai tayar da jini, kuma tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shanta da ciwon zuciyar masu jego. Macen da jininta ya hau a lokacin ciki, ko da ya sauka bayan haihuwa, haɗarinta ya fi na sauran mata a gaba, sai ta riƙa awo akai-akai.

Yara ma ba su tsira ba idan suna da sikila mai tsanani: ba tare da rigakafi ba, kimanin ɗaya cikin goma yana samun shanyewar kafin shekara 20. Akwai gwajin na'ura da ke auna gudun jini a jijiyoyin kai ya nuna yaron da ke cikin haɗari, kuma a Kano an yi binciken da ya nuna maganin hydroxyurea yana rage haɗarin.

Wajen mutuwa kuwa, nisa da asibiti da jinkiri su ne suka fi raba mutumin gari da na ƙauye. Littafin asibiti yana sa a zaci ciwon na birni ne, alhali shi littafin wanda ya iso kawai yake ƙirgawa. Wanda ya faɗi a gona ya cika a gida, an ce iska ce ta buge shi, sunansa ba ya shiga ko'ina. Wata dattijuwa aka kawo mana daga ƙauye a kan babur, an sa ta tsakanin 'ya'yanta biyu, bayan ta kwana uku a ɗaki ana yi mata hayaƙi. Saboda tausayi sun riƙa ɗura mata koko da cokali, ita kuwa maƙogwaronta ya daina haɗiya daidai, kokon yana bin hanyar numfashi. Lokacin da ta iso ƙirjinta yana kurari, jikinta zafi rau, kuma ciwon huhun ne ya yi ajalinta. Ba na hana addu'a da tofi, ni ma ina yi, amma a yi su a cikin mota ana tafiya. Da zarar baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a kwantar da mutum a gefensa, kada a ba shi ruwa ko abinci, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko take aiki. Kada kuma a ba shi asfirin a gida don an ji yana tsinka jini, domin idan fashewa ce ƙara zubar zai yi, kuma hoto ne kaɗai ke rarrabe su.

Akwai wani rukuni da ba a cika ambata ba, kuma haɗarinsu ya fi na kowa: waɗanda ciwon ya taɓa kamawa suka tashi, da waɗanda hannu ko harshe ya yi musu nauyi na 'yan mintoci ya sake. Da yawansu da zarar sun fara takawa zuwa masallaci sai su ajiye magani, wasu kuma su bar shi da azumi ba tare da sun nemi likita ya sauya musu lokacin sha ba. Maganin hawan jini na har abada ne ga mafi yawan masu shan sa, kuma akwai masu sauƙin kuɗi irin su amlodipine da ake sha sau ɗaya a yini, wanda likita zai iya mayarwa bayan buɗa-baki.