Tambayi Likita: Jan tabon da aka haife ni da shi ya fara kauri

Salam Dakta, dan Allah a taimaka min. Shekarata 31, tun haihuwa nake da jan tabo daga kumatuna na hagu har gefen ido, da ina yarinya ja ne mai haske kamar an shafa jan baki amma yanzu ya yi duhu sosai kuma wasu ƙananan ƙuraje sun fito a kai, ɗaya ma har jini ya yi ranar da na goge fuska da tawul. Na shafa man bilicin kala-kala ba abin da ya canza. Wata ƙawata ta ce leza na cire shi gaba ɗaya, gaskiya ne? Ko na makara? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Wa alaikissalam 'yar'uwa. Abu na farko, ki ajiye man bilicin ɗin nan yau yau, wallahi ba zai taɓa shi ba, saboda matsalar ba a launin fata take ba, ƙananan jijiyoyin jini ne a ƙarƙashin fatar suka buɗe fiye da ƙima, man kuma sai dai ya sa fatar ta ƙara sirancewa. Likitoci na kiransa port-wine stain, ki riƙe sunan don ranar da za ki asibiti. Kusan jarirai 3 cikin 1,000 ake haifa da shi, irinsa ne a goshin Gorbachev tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet. Kuma ba wani abu da mahaifiyarki ta ci ko ta gani da ciki, a 2013 aka gano wani ɗan canji ne a ƙwayar halitta mai suna GNAQ tun ana ciki, ba gado ba ne.

Duhun da kaurin da kike gani haka yake yi idan shekaru sun ja, don haka ba ki makara ba, sai dai yara sun fi saurin samun sauƙi idan an yi musu leza tunda fatarsu ba kauri.

Maganar ƙawarki kuma, rabi gaskiya. Lezar da aka fi amfani da ita ana ce mata PDL, haske ne da jan jini ke zuƙa sai ya yi zafi ya toshe jijiyar ba tare da an yanka komai ba. Zafinsa kamar a ɗana miki roba, wurin zai yi shuɗi-shuɗi kamar an buge na sati ɗaya zuwa biyu. Ba zuwa ɗaya ba ne fa, ana komawa duk bayan sati 6 zuwa 8, wasu sai sun je sau goma ko fiye, kuma mafi yawa tabon dusashewa yake yi ba ɓacewa ba, wani ma bayan shekaru ya ɗan dawo a sake taɓawa. Inda ya yi kauri da ƙuraje akan koma wata lezar mai shiga ciki sosai, Nd:YAG.

Inda nake so ki buɗe kunne shi ne baƙar fatarmu ita ma tana zuƙar wannan hasken, idan mai yin bai ƙware ba sai ya ƙona ki ya bar miki baƙin tabo ko fari wanda ya fi na farko damuwa. Abin na ci min rai yadda shagunan gyaran jiki ke sayo na'ura su ce suna leza. Likitan fata za ki nema, ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yi wa mai irin fatarki, kuma ki dage a gwada a ɗan ƙaramin wuri tukuna a jira a ga yadda ya warke. Bayan kowane zama ki guji rana, ki riƙa shafa man kariya daga rana.

Tunda tabon ya kai gefen ido, kafin ma maganar leza ki je asibitin ido a auna miki hawan ruwan ido, wato gilakoma, don yakan zo wa wasu masu irin wannan tabon kuma shiru yake cin gani. Idan ƙurjin ya sake jini ki danne da tsumma mai tsabta na minti goma, kar ki matse shi ko ki tsire da allura.