Ƙaryar ɗan leƙen asiri da wayar maigida

Tambaya: Malam, a Makka muke zaune ni da maigidana. Bayan isha'i mukan kalli wani shiri mai dogon zango a talabijin, na wani ɗan leƙen asiri da ya yi shekaru yana yi wa matarsa ƙarya game da aikinsa. Na nuna takaici, sai maigida ya ce ai halal ne miji ya yi wa mata ƙarya, akwai hadisi. Tun ranar, da ya yi barci sai in ɗauki wayarsa in duba. Mene ne hukuncin kallon, da maganar tasa?

Amsa: 'Yar'uwa, kallon yana bin abin da ke ciki ne, in da tsiraici a kashe. Riƙe sirrin aikin tsaro kuwa ba laifi, Huzaifa ɗan Yaman da umarnin Annabi (SAW) ya shiga sansanin abokan gaba a yaƙin Ahzab cikin dare.

Hadisin da maigida yake nufi na Ummu Kulsum 'yar Uƙba ne, wanda ya yi rangwame kan ƙarya a zancen miji da mata, yana cikin Sahihu Muslim. Amma ya ja shi zuwa inda bai kai ba. Nawawi ya bayyana cewa ana nufin nuna ƙauna, kamar miji ya ce miyarki ta fi ta kowa alhali gishiri ya zarce. Yaudara don danne haƙƙi kuwa haram ce, babu saɓani. Wanda aka biya albashi ya ce bai shigo ba don ya tsere wa cefane, wane hadisi zai fake da shi? Ɗabari ma cewa ya yi tauriya ce kawai aka yarje, wato magana mai fuska biyu. Kuma jarumin shiri, wanda marubuci ya ƙaga, ba hujja ba ne.

Sai dai abin da ya tsayar da ni shi ne "da ya yi barci". Wannan tajassusi ne, wato bin diddigin sirrin wani, kin san ayar Suratul Hujurat da ta hana shi. Ba ki ambaci wata alama da kika gani a wurinsa ba, shirin ne ya dasa miki zato. Kuma a Saudiyya dokar laifukan intanet ta 2007 tana iya kai mai irin wannan leƙe ga ɗaurin shekara ɗaya ko tarar riyal 500,000, ko duka biyun.

Ki ajiye wayar, ki yi istigfari. Ki same shi da rana, ba gaban yara ba, ki ce maganarsa ta tayar miki da hankali. Ina kyautata zaton tsokana ce irin ta maza. In ya tsaya a kanta, ku zo tare.

Wallahu a'alam.