Kaset ɗin The Gumball Rally: a saya ko a bari?

Malam, ka ce an yi maka tayin kaset ɗin bidiyo na The Gumball Rally, kana so ka san ko ya ci kuɗinsa da kuma dalilin da masu tara tsofaffin finafinai ke farautarsa.

Fim ɗin barkwanci ne na 1976 da Chuck Bail ya ba da umarni, kan haramtaccen tseren motoci daga New York zuwa Long Beach. Da The Cannonball Run, wani fim mai irin wannan labarin, ya fito a 1981 sai ya danne shi, aka manta da shi. Labarin ba wani abin a zo a gani ba ne. Motocin ake bi: Ferrari Daytona wadda Raul Julia ke tuƙawa, da AC Cobra, da Porsche 911, da wata Jaguar da ta ƙi tashi tun daga farko. Gudu ne na gaske a kan titi, babu hannun kwamfuta.

To amma kaset shi ne mafi ƙarancin daraja a kayan fim ɗin. An ɗauki fim ɗin da hoto mai faɗi, kaset kuwa yakan datse gefe da gefe, sai motoci biyu na kafaɗa da kafaɗa ka ga ɗaya da rabi. Idan kaset ɗin na Amurka ne, tsarin hotonsa NTSC ne, mu kuma wani tsarin daban mai suna PAL muke amfani da shi. In na'urarka ba ta cin duka biyun, hoto zai yi ta birgima ko ya fito babu kala. Leƙa ta gilashin kaset ɗin ma. Farin ɗigo-ɗigo a jikin zaren fumfuna ce, kana sa shi a na'ura zai ɓata mata kai, ta shafa wa sauran kaset. Don kallo, nemi faifan Blu-ray na Warner Archive, sashen kamfanin Warner mai sake fitar da tsofaffin finafinai.

Kuɗin yana wajen fastar tallan fim ɗin. Ta asali inci 27 ce da 41, kuma a ninke ake aika ta gidajen silima a wancan zamanin, don haka layin ninki ba aibi ba ne. A ƙasa ta dama za ka ga lambar da ta fara da 76. Wadda ta zo inci 24 da 36, sumul tana sheƙi, bugun baya ce. Ƙananan katunan talla kuma inci 11 ne da 14, takwas ke cika saiti.

Kada ka liƙa mata salatef, kada ka kai ta a rufe da leda mai zafi. Nan take darajarta ke faɗuwa. A shimfiɗe ake ajiye ta, nesa da rana da laimar damina.