Leda na fashewa: sabon inji zan saya?

Tambaya: Ina da gidan ruwan leda a Sabon Gari, inji biyu. Kullum masu shaguna na dawo mini da jakunkuna, wai leda ta fashe ko ruwan bai cika ba. Na yi niyyar sayar da tsohon injin in sayo sabo. Mece ce shawararku?

Amsa: Alhaji, a riƙe kuɗin nan tukuna. Yanzu zargin tsohon injin ake yi, ba a kama shi da laifi ba. A fara sayen sikelin lantarki mai auna giram ɗai-ɗai, da littafin rubutu mai layi.

Mako biyu na farko ƙirga za a yi. Duk ledar da ta lalace, a rubuta injin da ya fitar da ita, da ƙarfe nawa, da wanda ke kan injin, da naɗin ledar da aka ɗora, da irin lahanin: ta buɗe ta baki, ta tsage ta gefe, ko ruwan ya gaza. Idan aka jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan, galibi iri ɗaya ko biyu ne ke cinye mafi yawan asarar. Wannan ita ce ƙa'idar Pareto.

Batun cikar ruwa kuwa, awo ne zai raba gardama. Kowace awa a ɗebi leda 5 a jere daga inji guda, a auna. Ruwa santilita 50 giram 500 ne, sai ɗan nauyin leda. A rubuta matsakaicin biyar ɗin, da tazarar da ke tsakanin mafi nauyi da mafi sauƙi. Bayan zagaye 25, a fitar da matsakaicin duka. A ce ya zo giram 505, matsakaicin tazara kuma 8. A ninka 8 da 0.577, adadin da ake amfani da shi idan samfuri biyar ne, a sami 4.6. A ƙara 4.6 a kan 505, a kuma cire shi daga 505. Ke nan iyakar sama 509.6, ta ƙasa 500.4. A ja layuka uku a takarda, na sama da na ƙasa da na tsakiya (505), a manna kusa da injin, a riƙa ɗiga matsakaicin sabon awo kowace awa. Walter Shewhart ne ya ƙirƙiro wannan jadawali a Amurka a 1924, kuma da fensir ma yana aiki.

Inda mutane ke ɓata lissafi shi ne taɓa injin duk sanda awo ya ɗan motsa. Muddin ɗigon yana cikin iyaka, a bar shi, don murɗa shi kowane lokaci ƙara bambancin yake yi. Sai in ɗigo ya tsallake layi, ko takwas sun jeru a gefe ɗaya na layin tsakiya, sannan a tsayar a duba. Idan fashewar ta fi yawa da sassafe cikin hunturu, mai yiwuwa ƙarfen liƙi bai gama zafi ba aka fara aiki. Idan ta biyo lokacin da wuta ta yi ƙasa, sitabilaiza ake bukata. Idan kuma duka injinan biyu sun rikice ranar da aka sauya naɗin leda, to a nemi mai kawo ledar. Sai tsohon injin ya ci gaba da fin ɗan'uwansa lahani a kan leda ɗaya da wuta ɗaya, bayan an sauya masa hita, sannan a yi maganar sabo.

Tambaya: Ni manaja ce a gidan burodi a Tudun Wada. An tallata mini kwas ɗin Six Sigma. In biya?

Amsa: Malama, tsarin na gaske ne, hanya ce ta rage lahani a kayan da ake sarrafawa. Kamfanin Motorola ne ya fito da shi a 1986, burinsa lahani 3.4 cikin miliyan. Amma gidan burodi bai kai ga wannan ba tukuna. Ki fara auna curin kwaɓi kafin ya shiga tanda, ki ƙirga wanda ya ƙone da wanda bai tashi ba, tire-tire, na wata guda. In za ki biya daga baya, ki zaɓi kwas ɗin da zai sa ki yi aiki da alkaluman gidan burodinku, ki kuma tambayi wanda ke ba da takardar shaidar, domin babu hukuma guda da ke tantance ta a duniya.