Auta, kafin ka tambayi layi, duba wayar da ke hannunka

Assalamu alaikum Auta. Ya gida, ya ƙarfin jikin Inna, ya kuma hidimar shirin tafiya? Na saurari saƙon muryarka sau biyu bayan na taso daga aiki. Abu uku ka tambaya: wane layi ne "MTN ɗin Amurka" da za ka saya da zarar ka sauka, ko Infinix ɗinka za ta yi aiki a Kansas, sai kuma maganar abokinka na Samaru da ya ce wayar da aka saya a hannun kamfanin layi ba ta samun sabuntawa da wuri. Na ga gara in rubuta maka a tsanake, don ka riƙa komawa kai, ka kuma tura wa waɗanda kuka samu gurbin karatu tare.

Da ta biyun zan fara, don ita ce ba ta jiran sai ka iso.

Ka tuna rediyon Baba mai gajeren zango, wanda yake murɗawa zuwa mita 49 ya kamo Kaduna? Ƙaramin rediyon da ke kicin kuwa FM kaɗai gare shi, ko kwana za ka yi kana murɗa shi ba zai kamo wannan tasha ba, alhali lafiyarsa ƙalau. To haka waya take. Kowane kamfanin layi yana da zangon da yake watsa sabis a kai, kowace waya kuma tana da zangunan da aka ƙera ta ta iya kamawa. A Najeriya 4G yana tafiya galibi a kan zango na 3, 7, 20 da 28. A nan kuwa 2, 4, 5, 12, 13, 66 da 71 ake amfani da su. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, don kasuwannin Afirka da Asiya yake ƙera yawancin wayoyinsa, ba ma a sayar da su a shagunan layi na nan. Wata za ta iya kama zango ɗaya ko biyu a tsakiyar gari, ka ga 4G ya fito ka ɗauka an gama. Amma 12 da 13 da 71, su ne masu dogon tafiya, su ne masu ratsa bango su same ka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma su ne aka fi rasawa a wayoyinmu na gida. Kai da aikinka na gona ne, za a riƙa fita da kai filayen gwaji a bayan gari, su ka fi bukata.

Akwai matsala ta biyu da ta fi wannan. Ka taɓa lura idan kira ya shigo maka a Zariya, alamar 4G takan sauka ta koma H ko E har ka gama magana? Wayar ce ke komawa tsohon netwok don ta ɗauki murya. A nan an rushe wurin komawar. AT&T ya kashe 3G ɗinsa a watan Fabrairun 2022, T-Mobile a watan Yuli, Verizon kuma a ranar ƙarshe ta wannan shekarar. Dole muryar ta bi ta kan 4G ɗin kansa, abin da ake kira VoLTE, kuma ba ya isa a ce wayar ta iya, sai kamfanin ya yarda da samfurinta. AT&T har jerin sunayen wayoyin da ya amince da su gare shi. Na ga wata yarinya da ta zo karatu da waya sabuwa fil daga gida, data tana aiki, WhatsApp yana shiga, amma ba ta iya kiran kowa, kowa ba ya iya kiranta. A ƙasar da ofishin makaranta da asibiti da mai gidan haya duk kira suke yi kai tsaye, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka yau ɗin nan ka danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, za ta fito, ka turo mini. Kowane ɗaya cikin manyan kamfanonin yana da shafin da ake saka ta ya faɗa ko wayar za ta yi. Idan ba za ta yi ba, kar ka sayar da ita, tana da aikin da zan faɗa maka a ƙasa.

Na san halinka, kana jin haka za ka ce bari ka leƙa PZ ka ɗauko iPhone ta hannu. IPhone ba ta da matsalar zango sosai, wannan gaskiya ne. Amma ka yi hattara ƙwarai. Da yawa daga cikin wayoyin hannu da ke kasuwanninmu daga nan Amurka aka kwaso su. Wata ba a gama biyan kuɗinta ba, wata an kai rahoton ɓatanta, an saka lambarta a baƙin littafi. A Najeriya za ta yi aiki lafiya lau, ranar da ka dawo da ita ƙasarta sai a ƙi ba ta sabis. Wata kuma a kulle take, da ɗan siririn cif aka yaudare ta ta karɓi sim ɗinmu. Ka shiga saitin wayar a gaban mai shagon, ka nemi inda aka rubuta Carrier Lock, idan ba ka ga No SIM restrictions ba ka ajiye masa abarsa. Sannan ka sani, tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sim sam, sai eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba.

Yanzu ga maganar layi. Manya uku ne: Verizon, AT&T da T-Mobile. Da huɗu ne, T-Mobile ya haɗiye Sprint a 2020. Idan kana bincike za ka ci karo da tsofaffin bayanai masu cewa Verizon CDMA ne, sauran biyun GSM, don haka wayar waje ba ta hawa Verizon. A da haka ne, irin bambancin da ke tsakanin su Starcomms da Visafone da kuma su MTN a zamaninmu. Wannan ya wuce tare da 3G, yanzu duk 4G da 5G ne.

An daɗe ana yaba wa Verizon da AT&T wajen kai sabis ƙauyuka da manyan hanyoyi, T-Mobile kuma ana yi masa kallon ɗan birni. Abin ya sauya sosai tun da ya sayi zangon 600 MHz, wato na 71 ɗin da na ambata, a gwanjon gwamnati na 2017, ya kuma gaji zangon 2500 MHz na Sprint, wanda ya sa 5G ɗinsa ya yi faɗi da sauri. Su Verizon da AT&T sun biyo baya da zangon da suka saya da maƙudan kuɗi a 2021. Amma kar alamar 5G ta ruɗe ka. Irin wanda Verizon ya fara da shi a 2019 gudu gare shi kamar walƙiya, sai dai kana shan kwana ko ka shiga gini ya ɓace. Ni dai na fi son 4G mai sanda huɗu a kan 5G mai sanda ɗaya.

Ka ga duk wannan bayanin? Ba zai faɗa maka ko sabis zai shiga ɗakinka ba. Kai shaida ne, layin da ke cika fal a Kwangila shi ne ake ɗaga waya sama ana nemansa a gidan Kawu bayan an wuce Giwa, kuma a cikin Birni ma akwai ɗakin da sai ka fito tsakar gida. Ba wanda zai ce layi kaza ya fi a Zariya gaba ɗaya, balle ƙasar da ta ninka Najeriya kusan sau goma a faɗi. Taswirar da kamfanoni ke nunawa kusan duk a shafe take da launi, har wuraren da za ka tsaya ka rasa sanda ko ɗaya. Hukumar sadarwar ƙasar, FCC, tana da tata taswirar da za ka saka adireshi ka gwada su ukun, ta fi taimako. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ka rubuta wa ɗaliban sashenku waɗanda suka riga ka, ka tambaye su takamaimai: wane layi ke kamawa a gonar gwaji, wane ke kamawa a unguwar da za ka zauna? Amsarsu ta fi tawa, don ni a Ohio nake, kuma birni nake.

Abin da nake roƙonka da shi, Auta, shi ne kar ka ɗaure kanka a watannin farko. Layi iri biyu ne a nan. Akwai wanda za ka biya kafin ka yi amfani, kusan irin namu na gida, sai dai na wata-wata ne ba a kankare kati. Akwai kuma wanda ake kawo maka takardar biya a ƙarshen wata, shi kuma sai an binciki tarihinka na biyan bashi, ana neman lambar SSN, wato lambar shaida da gwamnatin nan ke ba ma'aikata, wadda ba za ka samu ba sai ka fara aikin da makaranta ta ba ka. Na farkon za ka ɗauka. Kuma ba sai ka je wurin manyan ba, akwai ƙananan kamfanoni da ke hawa ƙarfen sabis ɗinsu: Visible na Verizon ne, Cricket na AT&T, Metro da Mint na T-Mobile. Da dala 15 zuwa 30 a wata za ka samu abin da zai ishe ka, alhali layi ɗaya a wurin manyan yakan haura dala 60. Abin da ka rasa shi ne, idan jama'a suka cika wuri, kamar ranar wasan ƙwallo a makaranta, a wasu tsare-tsaren masu biyan tsada ake fara ba hanya, data ɗinka ta yi nauyi. Da yake yawancin wuninka a kan Wi-Fi na makaranta za ka yi shi, da wuya ka damu. Idan layin bai yi maka ba, ka tashi da lambarka ka koma wani, kamar yadda ake yi a gida tun 2013.

Za su nuna maka waya sabuwa su ce kyauta ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗinta ake rarrabawa a kan wata 24 ko 36, suna yafe maka kason kowane wata muddin kana kan tsarinsu mai tsada. Ka tashi kafin lokaci, ragowar ya hau kanka. Kai da digirinka shekara biyu ne, ka lissafa da kanka. Kuma wayar tana iya zama a kulle, ba za ta karɓi layin gida ba idan ka zo hutu.

Nan ne maganar abokinka ta shigo, kuma yana da gaskiya, amma ba duka ba. Ga yadda abin yake a wayoyin Android. Google ya fitar da sabuwar manhaja, masu ƙera ƙwaƙwalwar waya irin su Qualcomm da MediaTek su daidaita nasu, mai wayar, a ce Samsung ko Motorola, ya ɗora nasa kwalliyar, sannan a nan Amurka kamfanin layi ya karɓa ya gwada ta a netwok ɗinsa, ya tabbatar kira da lambar gaggawa ta 911 suna aiki, ya cusa nasa manhajojin, kafin ya sake ta. Kowane mataki da jiransa. Wayata ta farko a ƙasar nan a hannun wani kamfanin layi na saye ta, wata abokiyar aikina mai irinta sak a wani layin ta riga ni samun sabuntawa da watanni. Abin ya dame ni, don gyaran tsaro ne nake jira, kuma a wayar nake taɓa kuɗina.

Inda bai cika ba shi ne, sayen wadda ba a kulle ba ba kullum yake kawo sauri ba. Samsung na Amurka marasa kulle sau da yawa su ne ke zuwa a baya, saboda manhajarsu ɗaya ce da dole ta dace da duk layukan. Apple ne ya tsallake wannan layin jiran tun farko, rana ɗaya yake sakar wa kowa. Pixel ta Google ma kusan haka take. Kuma tazarar ta ragu a 'yan shekarun nan, tun da Google ya fara tura wasu gyare-gyaren tsaro kai tsaye ta Play Store daga Android 10 a 2019.

A ganina jinkirin mako uku ko wata ɗaya ba shi ne abin tsoro ba. Abin dubawa shi ne shekara nawa za a yi ana ba wayar sabuntawa kafin a yi watsi da ita. Google ya yi alkawarin shekara bakwai daga Pixel 8 ta 2023, Samsung ma haka daga Galaxy S24 ta 2024. Masu araha da yawa ba sa kaiwa rabin haka. Wannan ya shafe ka kai tsaye, don jami'o'i da yawa a nan sai ka amince ta wata manhaja a wayarka, irin su Duo, kafin ka shiga imel ko shafin darasi, kuma ita da manhajojin banki sukan daina karɓar waya idan tsarinta ya tsufa da yawa. Da zan zaɓa maka, Pixel ko iPhone ta shekara ɗaya ko biyu baya, marar kulle, ka biya kuɗinta gaba ɗaya. Idan kuɗin bai kai ba ka faɗa mini, kar ka ji nauyi, za mu haɗa.

Sai Infinix ɗin. Ka bar sim ɗinka na gida a cikinta ka taho da ita. Wannan lambar ce a jikin BVN da NIN ɗinka, ta nan banki ke turo lambar sirri, kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Ka je ofishinsu kafin ka tashi, a buɗe maka amfani da shi a ƙasar waje, ka tambayi tsarinsu na ajiye lamba ga matafiyi. Ka je bankinka ma a haɗa maka imel da manhaja, don saƙon tes daga gida wani lokaci yakan makara ko ya ƙi zuwa. WhatsApp ɗinka kuwa ka bar shi a kan lambar gida, zai ci gaba da aiki ko ka saka sabon layi, 'yan uwa ba sai sun sake adana wata ba.

Kafin ranar tafiya ka zauna da Inna ka nuna mata yadda ake ɗaga kiran bidiyo har sai hannunta ya saba, ka kuma bar wa Yaya Babba alhakin saka mata data. Awa shida ne tsakaninku da Kansas a lokacin zafi, bakwai a lokacin sanyi, don haka idan ka idar da sallar Asuba ita tana shirin Azahar, lokacin ya fi dacewa da kira. Ina jiran lambar IMEI ɗin da sunan unguwar da aka ba ka ɗaki. Ka gaishe mini da Inna da kowa da kowa, Allah Ya kawo ka lafiya.